Mun Ƙwato Su Daga Ƙanjamau, Muna Bar wa Sankara Su

Macen da ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV a yau, muddin tana shan maganinta ba fashi, tana iya rayuwa har ta aurar da 'ya'yanta, ta goyi jikokinta. Duk wanda ya ga yadda ƙanjamau ya riƙa kwasar matasa a shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da ake karɓar sakamakon gwaji da salati da kuka, ya san wannan ba ƙaramar nasara ba ce. To amma mai kunnen ji ya ji: matan nan da aka sha wahala aka ƙwato, wani ciwon yana bin su ta baya yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa mun yi gum. Ciwon shi ne sankarar bakin mahaifa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a duk ire-iren sankarar da ke kama ɗan Adam da wuya a sami wadda masana suka gane kanta kamar wannan. An san ƙwayar cutar da ke haddasa ta. Akwai allurar rigakafinta. Tana yin shekaru tana sauya fatar bakin mahaifa kafin ta zama sankara, kuma a cikin waɗannan shekarun ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya kawar da wurin da ya taɓu cikin 'yan mintuna, ba tiyata, ba kwanciya a gadon asibiti. Duk da haka, a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da ita a duniya, kimanin 350,000 suka mutu, kuma kashi 94 cikin 100 na mamatan daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. A Najeriya kaɗai, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna wajen mata 12,000 sun kamu, wajen 8,000 sun rasu.

A cikin wannan taron masu kamuwa, akwai waɗanda ciwon ya fi sa wa ido. A ƙarshen 2020 mujallar Lancet Global Health ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike 24 daga nahiyoyi huɗu, ya kuma fito da adadin da yanzu kowane likitan mata ya kamata ya haddace: mace mai HIV ta fi wadda ba ta da shi haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa ninki shida. Nazarin ya ƙiyasta cewa a 2018 mata 33,000 daga cikin sababbin masu sankarar suna ɗauke da HIV, kuma kashi 85 cikin 100 nasu a Afirka kudu da Sahara suke. A yankin kudancin Afirka, kusan biyu cikin kowace uku da aka gano suna da sankarar, masu HIV ne. A gabashin Afirka sun haura ɗaya cikin huɗu. Ƙasar Eswatini, wadda ke kan gaba a duniya wajen yawaitar HIV, ita ce kuma kan gaba wajen yawaitar wannan sankara.

Dalilin a fili yake. Ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta, kuma tana da yawa ainun, har kusan duk mai aure ko wanda ya taɓa kusantar wani jinsi zai gamu da ita a wani lokaci a rayuwarsa. Galibin mutane ba sa ma sanin sun ɗauka, domin garkuwar jiki kan share ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Matsalar tana farawa ne idan ta ƙi fita, ta zauna a bakin mahaifa tana lalata ƙwayoyin halittar wurin sannu a hankali. HIV kuwa aikinsa ke nan, karya garkuwar da za ta yi sharar. Saboda haka mai HIV ta fi saurin ɗaukar HPV, ta fi daɗewa da ita a jiki, sau da yawa tana ɗauke da iri fiye da ɗaya a lokaci guda. Tafiyar da kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta kai ga sankara a jikin mai cikakkiyar garkuwa, a jikin wadda garkuwarta ta raunana tana iya kammaluwa cikin shekara 5 zuwa 10. Shi ya sa ake ganin sankarar a jikin matan da ba su kai arba'in ba, masu goyo, masu 'ya'ya a firamare.

Masana sun daɗe da ganin wannan alaƙa. Tun 1993 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanya sankarar bakin mahaifa cikin jerin cututtukan da idan aka gan su a jikin mai HIV, to an san ciwon ya kai matakin ƙanjamau. A 2008 ma kyautar Nobel ta fannin likitanci raba ta aka yi biyu: rabi ga Bajamushe Harald zur Hausen, wanda ya gano cewa HPV ce ke haddasa wannan sankara, rabi ga Faransawa biyu, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, da suka gano HIV. Tun wancan lokacin ilimi ya haɗa cututtukan biyu wuri ɗaya. A yawancin asibitocinmu kuwa har yanzu ɗakin karɓar magani daban, ɗakin duba mata daban, kuma ba kasafai ake samun mai kama hannun mace ya kai ta daga wannan zuwa wancan ba.

Da aka samu magungunan danne HIV masu ƙarfi daga 1996, fata ya yi yawa cewa sankarorin da ke rakiyar ƙanjamau za su kau. Wasu sun ragu ƙwarai, musamman sankarar fata da ake kira Kaposi. Ta bakin mahaifa ba ta ragu haka ba, kuma tambayar da ta mamaye bincike shekara da shekaru ke nan. Amsar da aka tsaya a kai, musamman bayan babban nazarin da mujallar Lancet HIV ta fitar a 2018, ita ce maganin yana taimakawa: wadda ta fara sha da wuri, kafin garkuwarta ta faɗi ƙasa, ta kuma riƙe shi har ƙwayar cutar ta danne, haɗarinta yana raguwa. Amma bai koma daidai da na sauran mata ba. Wadda sai da garkuwarta ta rushe sannan ta fara magani, wataƙila HPV ta riga ta kafa sansani a bakin mahaifarta, kuma ƙwayar da take haɗiya kowane dare ba za ta tuge ta ba.

A nan ne haɗarin yake kwance, kuma nasarar da aka samu ce take ɓoye shi. Da can mai HIV ba ta yin tsawon ran da sankara za ta cim mata; tarin fuka ko gudawa ko sanƙarau sun riga sun ɗauke ta. Yanzu miliyoyin mata suna rayuwa shekara goma, ashirin da ƙwayar cutar, suna shiga shekarun da sankarar ta fi kamu. Mata da 'yan mata su ne fiye da rabin masu HIV a duniya. Jikinsu ya murmure, sun yi ƙiba, gwajin jini ya nuna ƙwayar ta kwanta, likita ya yi murmushi ya ba da maganin wata uku ko wata shida. Mace ta koma gida tana hamdala, alhali ba wanda ya taɓa duba bakin mahaifarta ko sau ɗaya. Idan aka ci gaba a haka, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kada wani ya ce idan sankarar ta zo a yi maganinta. A Botswana, ƙasar da ta fi mu wadatar asibiti, wadda ke ba 'yan ƙasa maganin HIV da na sankara a kan kuɗin gwamnati, an bi diddigin mata 348 masu sankarar bakin mahaifa, aka wallafa sakamakon a 2016. Biyu cikin uku nasu masu HIV ne, kuma galibinsu suna kan magani. Bayan shekara uku, kashi 48 cikin 100 na marasa HIV suna raye, masu HIV kuwa kashi 35 kacal. Da aka auna da sauran dalilai, HIV ya kusan ninka haɗarin mutuwa. Wannan a inda akwai injin gashin sankara kusa ke nan. A arewacin Najeriya, inda mace za ta taso daga ƙauyen Yobe ko Zamfara ta nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja neman gashi, ta bi layi, iyalinta su sayar da gona ko dabba, ba sai an faɗa wa kowa yadda lissafin yake ƙarewa ba. Kuma galibin matanmu sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti, lokacin da ya toshe hanyar fitsari ya taɓa ƙoda, ko ya huda mafitsara ya bar mace da yoyo da warin da ke korar har 'yan ɗakinsu. Mutuwa ce mai azaba da kaɗaici, kuma bai kamata a sassauta bayaninta ba.

Saboda haka ne akalar bincike ta karkata daga maganin sankara zuwa tare ta tun kafin ta zama sankara, kuma mafi amfanin wannan aiki a Afirka aka yi shi, a jikin matan Afirka. A unguwar Khayelitsha da ke gefen birnin Cape Town, marigayiya Farfesa Lynette Denny da abokan aikinta sun gwada tsarin duba mace a yi mata magani ba tare da jiran dogon gwajin ɗakin bincike ba, a kan mata sama da 6,000, suka wallafa a 2005 cewa tsarin yana aiki kuma ba ya cutarwa. A Lusaka, Farfesa Groesbeck Parham da Dakta Mulindi Mwanahamuntu sun duba mata 150 masu HIV, suka tarar kashi 76 cikin 100 bakin mahaifarsu ya fara sauyawa. Abin ya girgiza su, kuma a 2006 Zambiya ta fara shirin da ya zama abin koyi: ma'aikatan jinya, a ƙananan asibitocin gwamnati, kusa da inda ake raba maganin HIV, suna shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya taɓu ya yi fari, su ɗauki hotonsa da kyamara, su kashe shi da sanyi nan take. Ba su jira ƙasar ta tara ƙwararrun likitocin sankara ba.

Daga baya bincike ya nuna duban ido da ruwan khal yana kuskure da yawa, kuma gwajin da ke neman ita kanta HPV ya fi shi nesa ba kusa ba. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar ƙa'ida a 2021, ta kuma ware wa masu HIV tasu: su fara gwaji daga shekara 25, sauran mata daga 30, su maimaita duk shekara 3 zuwa 5, sauran mata duk 5 zuwa 10. Kuma da yake masu HIV da yawa, a wasu wuraren kusan rabinsu, gwajin kan nuna suna ɗauke da HPV, aka ce a ƙara wani duban na biyu domin a tantance wadda ke buƙatar magani. Wani abin da ya kamata ya faranta ran duk macen da kunya ke hana ta zuwa: an tabbatar cewa mace na iya shiga banɗaki ita kaɗai da ɗan tsinke mai auduga, ta ɗebo ruwan gabanta da kanta ta miƙa, sakamakon ya fito da inganci kusan daidai da wanda likita ya ɗeba. Uzurin "ba zan buɗe wa namiji jikina ba" uzuri ne na gaskiya, ina girmama shi, amma yanzu an sama masa mafita, saura a kawo mafitar inda matan suke.

Sai dai ko an gano an yi magani, ba a rufe littafin mai HIV. Nazarce-nazarce sun nuna ciwon ya fi dawowa a jikinta kusan ninki biyu. A Nairobi an raba mata 400 masu HIV gida biyu, aka kashe wa rabi wurin da sanyi, aka yanke wa rabi da siririyar wayar lantarki. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 30 cikin 100 na rukunin farko, da kashi 19 na rukuni na biyu. Ko hanyar da ta fi kyau, kusan mace ɗaya cikin biyar sai ta sake komawa. Wannan ne ya sa ake cewa ta dawo a sake dubawa bayan shekara guda, kuma wannan ne ya sa masu bincike a Kenya da Afirka ta Kudu suke gwada magungunan da mace za ta riƙa sanyawa da kanta a gida bayan an yi mata aikin. Gangamin kwana uku da wata ƙungiya ko matar wani babba za ta shirya, a kafa rumfa a duba mata ɗari biyar a ɗauki hoto a watse, ba ya biyan wannan buƙata. Wadda aka gano tana da ciwo a ranar, wa ya san inda take bayan shekara?

Duk garuruwan da na ambata an yi waɗannan bincike, a gabashi ne da kudancin Afirka. Babban shirin haɗin gwiwar da Amurka ta jagoranta tun 2018 domin duba mata masu HIV ma, a ƙasashe 12 na waɗancan yankunan ya tsaya. Akwai hujja, tunda can ne HIV ya fi yawa. Amma wannan ya bar mu da wani barci mai haɗari. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke da HIV, a arewa maso yamma ma kashi 0.6 ne. Sai mu ji adadin ƙarami mu ce abin bai shafe mu ba. To wannan binciken dai ya ce mutum kusan miliyan 1.9 ne, kuma yawaitarsa a mata ta ninka ta maza, kashi 1.9 da kashi 0.9. Ƙaramin kaso a cikin jama'a mai yawan ta Kano da Katsina da Kaduna, dubban mata ne masu suna da 'ya'ya. Kuma inda ciwo ya yi ƙaranci, ɓoyonsa ya fi tsanani. Mace a Lusaka tana iya samun maƙwabciya mai irin lalurarta su yi shawara. Tamu sau da yawa sai ta tsallake asibitin unguwarsu ta hau mota zuwa wata ƙaramar hukuma karɓar magani, da niƙabi, tana addu'ar kada ta haɗu da idon sani. Irin wannan mace ba za ta tsaya neman ƙarin gwaji ba sai an kawo mata shi a ɗakin da take zaune.

Sannan ga abin da muke yi da alamomin ciwon idan sun fara bayyana. Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jinin da ya dawo bayan mace ta daina al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ciwon mara da ƙugu. A wurinmu duk wannan "sanyi" ne. Mai lasifika a bakin kasuwa yana da maganin sanyi, mai shagon magani yana da allurar sanyi, mai kayan mata tana da matsi da tsumi. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a koma zargin kishiya ko aljani. Wata shida, shekara, shekara biyu suna wucewa a haka, kuma su ne watannin da ake iya ceton rai a cikinsu. Masu sayar da waɗannan magunguna, ku ji tsoron Allah. Macen da ta zo muku da jinin da ba na al'ada ba, ba taku ba ce. Duk kwalbar da kuka sayar mata kun saya mata jinkiri ne da kuɗinta.

Ina da magana ta musamman ga malamai da malaman Islamiyya mata, domin sau da yawa ku ne na farko da ke jin labarin. Mace ba ta zuwa asibiti da jinin da ya ƙi ɗaukewa, amma tana zuwa wurin malama ta tambayi hukuncin sallarta da azuminta. Za a buɗe mata babin haila da istihala, a ƙirga mata kwanaki, a ce ta yi wanka ta yi salla. Amsar daidai ce a fiƙihu. Amma malamanmu da kansu jinin ciwo suke kiran sa, ciwo kuwa magani ake nema masa. Allah gafarta malam, idan ka gama ba da fatawa ka ƙara jimla ɗaya: ki je asibiti a duba bakin mahaifarki a wannan makon. Malama, ki bi ta da tambaya bayan kwana bakwai ko ta je.

Maigida, kai ma ka tsaya ka ji. HPV ba shaidar zina ba ce. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, shi kuma wataƙila ya ɗauko daga auren da ya yi shekara goma da suka wuce, ba tare da ya taɓa jin ko ƙaiƙayi ba. A al'ummar da ake auren mace fiye da ɗaya, ake yawan saki da sake aure, ƙwayar tana zagayawa ta cikin halal ɗin kanta. Auren wuri da haihuwa da yawa kuma suna cikin abubuwan da bincike ya nuna suna ƙara haɗarin. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 abu ne mai kyau, amma tana kama HIV ne da ciwon hanta da sikila, ba ta kama HPV. Don haka idan matarka ta ce an rubuta mata gwaji, ba ta izini da kuɗin mota. Idan an yi mata aiki aka ce a ƙaurace wa shimfiɗa na wajen wata guda har wurin ya warke, ka yi haƙuri ka ƙaurace. Akwai matan da ke ƙin yarda a yi musu aikin don kawai ba su san yadda za su faɗa wa miji wannan sharaɗin ba, kuma wannan abin kunya ne gare mu maza.

Sai allurar rigakafi. Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta tun 2011. Najeriya sai ranar 24 ga Oktoba 2023 ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kai wa miliyan 7.7. Nan da nan saƙonnin murya suka cika WhatsApp cewa allurar hana haihuwa ce. Na san inda tsoron ya samo asali. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna da haƙƙin su tuna. Amma mu tuna har da 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a kan jita-jita irin wannan, cutar ta sake bazuwa har ƙetaren ƙasa, yaran da suka shanye a lokacin suna nan tare da mu a kan kekunan guragu. Allurar HPV tun 2006 ake yin ta a duniya, an yi wa ɗaruruwan miliyoyi, waɗanda aka yi wa suna ta haihuwa. Abin da ke cire wa mace mahaifa ya raba ta da haihuwa shi ne sankarar da allurar ke karewa.

A nan ma akwai wani rami da ba a cika magana a kansa ba. Gwajin da aka yi a Kenya, wanda ya nuna allura ɗaya tak tana ba da kariya ta sama da kashi 97 cikin 100 daga nau'o'in HPV biyu mafi haɗari, 16 da 18, a kan 'yan matan da ba su da HIV aka yi shi. Ga masu HIV, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla allura biyu, in da hali uku. Muna da 'yan mata da aka haifa da ƙwayar cutar, yanzu sun kai shekarun allurar. Idan ma'aikata suka zo makaranta suka jera yara, ba uwar da za ta ɗaga hannu a gaban jama'a ta ce tawa tana buƙatar ƙari. Yarinyar za ta karɓi ɗaya kamar kowa ta tafi, kowa yana zaton an gama. Wurin cike wannan giɓin shi ne asibitin da take karɓar maganinta, a asirce, kuma alhakin yana kan ma'aikatan wurin. Haka nan wadda aka yi wa allura ba ta tsira daga buƙatar gwaji idan ta girma ba, domin nau'o'in 16 da 18 su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar, saura kuma akwai irin su nau'i na 35, wanda bincike ya nuna ya fi yawa a matan Afirka, kuma babu shi a cikin allurar da ake da ita yanzu.

Ranar 17 ga Nuwamba 2020 ƙasashen duniya, har da tamu, suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2030 za a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu ciwon magani. Lokacin ya kusa cika, kuma ƙasar da muka dogara da ita tana zamewa. Tun 2003 shirin PEPFAR na Amurka ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na maganin HIV a Najeriya da sauran Afirka. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, cibiyoyi da dama a nahiyar suka rufe ko suka sallami ma'aikata. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, abin da ake fara ceto shi ne ƙwayar magani, abin da ake fara jefarwa kuwa su ne irin gwajin nan da ake ɗauka ƙari ne.

Gwamnoni da kwamishinonin lafiya na jihohinmu, wannan aikin bai fi ƙarfinku ba. Na'urar ƙona wurin da ya taɓu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2019, ta hannu ce, da batir take aiki, ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti na iya riƙe ta. Injin GeneXpert da ke gwada tarin fuka a manyan asibitocinku, shi ɗin dai yana gwada HPV ya ba da sakamako cikin kamar awa guda, in an sayo masa kayan gwajin. Rajistar matan da ke karɓar maganin HIV tana hannunku, da shekarunsu da ranar dawowar kowace. Ku sa kuɗin kayan gwajin a kasafin bana, ku horar da mace biyu a kowace cibiyar raba magani, ku buɗe gurbi a katin kowace mai shekara 25 zuwa sama inda za a rubuta ranar da aka duba ta da ranar da za ta dawo. Ke kuma 'yar'uwa mai karɓar magani, ranar da za ki koma, kafin ki karɓi ledarki ki tashi, ki ce wa likita ko nas ba a taɓa duba bakin mahaifarki ba, kuma kina so a duba. In sun ce ba sa yi a nan, su rubuta miki inda ake yi.